Uwar Tagwaye Mai Ɗiya Ɗaya

Yayata Batula ba mace ce mai daɗin zama ba, kuma ba zan gyara mata hali don muna ciki ɗaya ba. Tun muna yara a Jabo haka take. Ba ta dariya sai da dalili, in kuwa ta riƙe hannuna za ta kai ni makarantar allo, sai na wuni da shatin yatsunta a tsintsiyar hannu. Ni ce Zulaihat, ƙanwarta da ke bi mata, na sha wannan riƙo har na ƙoshi. Amma abin da mutanen garinmu suka yi mata, da wanda uwar da ta haife mu ta yi mata, ya fi halinta muni nesa ba kusa ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Ta auri Shaihu, wani manomi mai 'yan shanu a bayan gari, mutum mai sanyi kamar kunun jiya. A haihuwarta ta biyu, bayan ɗan fari da bai zo da rai ba, Allah ya ba ta tagwaye mata, Hassana da Usaina. A wajenmu kuwa, mace in ta haifi tagwaye ta samu aiki, ko tana so ko ba ta so. Duk wanda ya yi targaɗe, ko wuya ya ƙage masa, ko kwankwaso ya riƙe, wurin uwar tagwaye ake kai shi da sassafe kafin ta karya kumallo. Ta shafa man shanu ta murza da hannu, in baya ne ta taka da diddige. Ba a biya, ba a ma godiya, wai godiya tana karya magani. Ba mai tambayar ko ta iya ko ba ta iya ba. An ce albarkar 'yan biyun ce ke aiki, ita hannu kawai ta ara musu.

Ita kuwa Batula ta iya. Riƙon nan da ya addabe ni ina ƙarama ya samu wurin zuwa. Takan lalubi gaɓa a hankali, ta kalli fuskar mai ciwo, ta gane inda abin yake tun bai nuna ba. Kafin tagwayen su fara tafiya, tsakar gidanta ba ya rabo da mata da yara, maza kuma a zaure, Shaihu na tsaye a kansu yana ba su labarin shanu. Har daga Sanyinna ake ɗauko mutane a kan babur. In sun warke sai ka ji suna cewa, 'yan biyun Shaihu akwai albarka. Sunan mai hannun ba ya fitowa a bakin kowa, ita ma a lokacin abin bai dame ta ba.

Cikin masu ciwon nan duka, wadda ta fi kowa morar Batula ita ce Innarmu. Daka da surfe da sunkuyon gona sun cinye mata baya tun babanmu na da rai. Kullum safiya Batula za ta ratso gari da ɗan kwanon man shanu, ta iske Inna ta shimfiɗa tabarma tana jira. Nan kaɗai na taɓa ganin su biyun ba sa cacar baki. Inna a kife tana gyangyaɗi, Batula a durƙushe tana murzawa, wani lokaci har da 'yar hira. In aka gama sai Inna ta miƙe ta ɗauki taɓarya kamar ba ita ba.

Tagwayen na da shekara shida, cikin damina, zazzaɓi ya kama Usaina. An kai ta asibitin Tambuwal, ba ta dawo da rai ba.

Tun mutane ba su gama zaman makoki ba, Gwaggo Na'iya, ƙanwar babanmu, ta fara aikinta. Wannan tsohuwa in ba ta saka baki a lamarin mutane ba, abinci ba ya narke mata. Ina raba wa mata gumba na ji ta tana cewa, ba ta ko rage murya ba:

"Uwat tagwaye da biyu aka kiran ta. Wagga guda gare ta yanzu. Rabin hannu na, in ma ya kai rabi."

Matan suka gyaɗa kai suna tauna gumbar sadakar yarinyar. Cikinsu akwai waɗanda Batula ta miƙar da su da hannunta, na san su ɗaya bayan ɗaya, har yau kuma ba na sakar musu fuska. Daga nan tsakar gidan ya yi tsit. Mai targaɗe ya gwammace ya yi ɗingishi ya wuce ƙofarta. Da kaka ta yi, Fulani suka sauka da shanunsu a gonakin bayan gari, matansu suka fara zuwa kamar yadda suka saba, don su ba su ji labari ba. Gwaggo Na'iya ta bi su har inda suke sayar da nono ta karanta musu. Su ma suka ɗauke ƙafa.

Duk wannan Batula ta shanye, ko a fuska ba ta nuna ba. Abin da ya karya ta a ɗakin Inna ya faru. Bayan sadakar arba'in ta ɗauki kwanon man shanunta ta ratso gari kamar da. Ina nan a gidan, ina shara. Ta iske ba tabarma. Inna na zaune a bakin gado, ta ja zane ta rufe bayanta har wuya.

"Bar shi, ɗiyata. Ya yi sauƙi."

Ƙarya ce tsagwaronta, don da dafa bango ta fito alwala a safiyar. Batula ta tsaya da kwano a hannu, ta daɗe, sannan ta juya. Washegari ta dawo, aka ce mata ya yi sauƙi. Haka ta yi ta zarya har man ya yi tsami a kwano. Daga ranar nan yayata ba ta da wani buri a duniya da ya wuce ta sake ɗora hannu a bayan uwarta.

Wata ma'aikaciyar asibiti a Tambuwal ce ta fara gaya mata ana koyar da tausa ta rage ciwo, irin wadda ake yi a ɗakin gashin ƙashi. Akwai ƙaramin horo na 'yan makonni a nan Tambuwal, akwai kuma babba a Sakkwato ga wanda ya gama na farko. Batula iyakarta firamare da Islamiyya, amma ta ce za ta yi duka biyun. Na ce mata, Yaya, da tsufanki za ki koma ɗaukar jaka? Ta harare ni.

"Sun ce ba ni ka yi ba, yara ka yi. To bari in koyo wanda ni ka yi. In ga wanda za shi ce mani shi ma ya bi ɗiyata kabari."

Ta gama na Tambuwal, ta ce bai ishe ta ba, don ba su taɓo ciwon baya irin na Inna ba sai sama-sama. Shaihu, mai sanyin nan da nake rainawa, ya kora bijiminsa kasuwa don kuɗin karatun, bai yi shawara da kowa ba. Na ba shi girmansa a ranar. Hassana ta dawo hannuna, Batula ta tafi Sakkwato ta sauka gidan wata 'yar uwar mijinta.

Ba ta kai tasha ba tsegumi ya riga ta. Wai matar aure ta tafi birni tana murza jikin ƙattai. Wai da ma hannun bai taɓa yin komai ba, ga shi ta tona wa kanta asiri, in da gaskiya ne me za ta koyo. Gwaggo Na'iya ta zo har gidana tana jajanta mini, fuska a marairaice, baki na rawa don daɗi. Na ce mata ta fita kafin in manta ƙanwar ubana ce.

Na je na gano ta sau ɗaya, da rani. Na iske ta a aji cikin 'yan matan da suka gama sakandare, suna kiran ta Mama, suna ƙunshe dariya in ta kasa faɗin sunan wata tsoka da Turanci. A gaban ajin akwai wani mutum-mutumin roba da ake ɓare masa nama gunduwa-gunduwa a mayar. Malamarsu, Malama Ihsan, likitar gashin ƙashi ce, 'yar siririya, a haife Batula ta kusa haifar ta. Ita ce ta fara gaya wa yayata abin da ba wanda ya taɓa gaya mata: hannunta ya yi nauyi, kuma ta daina taka bayan mutane da diddige, wata rana za ta nakasa wani. Batula ta ce mini saura kaɗan ta tattara kayanta a ranar. Mace da aka yi shekaru ana layi a ƙofarta, ga yarinya tana riƙe mata yatsu tana cewa sassauta, Mama, sassauta.

Ta zauna dai. Ta koyi cewa inda ciwo ke kuka ba lallai nan ya samo asali ba. Ta koyi gasa wuri da tawul mai ɗumi kafin ta taɓa, da irin motsin da za ta ba mai ciwo ya riƙa yi a gida, da irin bayan da ba a taɓawa sam sai a tura shi asibiti. Duk abin da aka koya musu, ita bayan Inna take aunawa. Ta siffanta wa malamar yadda Inna ke tashi, da ƙafar da take ja, da gefen da take kwanciya, har malamar ta ce ta san bayan tsohuwar nan kamar ta taɓa gani. A zuwan nan nawa ta kifa ni a tabarma ta gwada a kaina. Na shirya jin azabar da na sani tun ƙuruciya, sai na ji hannu mai laushi yana bin jijiya a hankali, har barci ya fara ɗibana. Na ce ashe dai kina da tausayi, ɓoyewa kike yi. Ta ce in rufe mata baki.

Ta dawo gab da faɗuwar ruwa. Ko gidan mijinta ba ta zauna ba, ta ajiye jaka ta nufo gidan Inna da kwalbar mai da tawul. A lokacin Inna ta ranƙwafa, da sanda take zuwa bayi, salla ma a zaune.

"Inna, kwanta in duba."

"Na ce miki ya yi sauƙi."

"Sauƙin na kika salla zaune?"

"Tsufa na."

"Ba albarkar kowa nika roƙon ki yarda da ita ba. Koyo niy yi. Malamai sunka koya mani, sunka gwada ni, nic ci."

"Allah shi amfana. Tafi ki yi ma masu so."

Batula ta miƙa hannu za ta dafa kafaɗarta kawai, Inna ta zame kamar an kawo mata garwashi. Ni da ke bakin ƙofa sai da na ji kunya ta kama ni. Na ɗauka maganar Gwaggo Na'iya ce ta rabin hannu ta zauna mata, na yi ta faɗa, na ce ko rabin hannu ne ai ya fi sanda. Inna ta yi kunnen uwar shegu da ni.

Bayan kaka aka kawo labarin wata yarinya a Fakku, can ƙasar Kebbe, Ruwaida, ta haifi tagwaye maza, duka suna raye. Inna ta tasa ni gaba sai na kai ta. Tsohuwar da ba ta iya zuwa bayi sai da sanda, ita ce za ta hau babur ta ratsa Tambuwal ta ratsa Kebbe, ta bar ɗiyarta da ta yi karatun abin a ƙofar gida. Na ƙi, ta ce za ta tafi ita kaɗai. Dole na samo ɗan kabu-kabu, muka saka ta a tsakiya ina riƙe da ita ta baya. Kowane rami muka faɗa sai na ji numfashinta ya ɗauke.

Mun wuce Kebbe kaɗan ta ce a tsaya, ba ta iyawa. Muka sauke ta a gindin wata tsamiya, mai babur ya koma gefe yana duba taya. Nan haƙurina ya ƙare.

"Inna, don Allah mi Batula tay yi miki?"



"Ke kin taɓa tambaya ina ciwo ka zuwa in an fidda shi jikin mutum?" in ji ta. "Shekara da shekaru tana kwasar ciwon mutane da hannu, ta koma gida ta ba yara tuwo da hannun nan. Nawa ya fi na kowa yawa, kullum safiya. Guda ta tafi. Ba ni ba ta nawa ta kai ma Hassana."

Sai da na zauna a ƙasa. Ashe duk tsawon lokacin nan ba raina hannun take yi ba, tsoronsa take ji. Ban ji tausayinta ba a lokacin, haushi na ji, don na ga abin da ta ɗora wa yayata a kai ba tare da ta sani ba.

"Zazzaɓi na yak kashe Usaina, Inna. Likita ya faɗi."

"Likita ya faɗi sunan ciwo. Bai faɗi wa yak kawo shi ba."

"To ɗiyan Ruwaida fa? Su ba ɗiya ba na? Can za ki kai musu naki?"

Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Waɗannan ba jikokina ba na."

Uwata ce, ita ta haife ni, amma da haushinta na mayar da ita kan babur har muka isa Fakku. Ruwaida kuwa yarinya ce ƙarama, jego bai gama sakinta ba, kana ganinta ka san tsoron tsofaffin da ake kawo mata take ji. Surukarta ta ce ta hau, ta hau bayan Inna ta taka da diddige inda ta ga dama. Inna ta yi ƙara. Muka dawo da ita ta kwanta ba ta ko iya juyi, amma duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ce 'yan biyun Fakku akwai albarka, ta ji dama-dama.

Ni ba ni da cikin riƙe irin wannan magana. Da la'asar ɗin ranar da muka dawo na je na zazzage wa Batula komai. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya, ta wanke hannu, ta ɗauki mayafi. Na bi ta a baya.

"Ashe ni nik kashe ta," ta ce wa Inna daga bakin ƙofa.

"Ban ce ba."

"Kin ce. Ga Zulai nan." Muryarta ba ta ko rawa ba. "To ji. In kai Hassana Sanyinna wurin dangin ubanta. Ba ni ganin ta, ba ni taɓa ta, ba ni ba ta ko ruwa, sai kin miƙe. Ki bar ni in yi aikina."

Uwar da ɗiya ɗaya ta rage mata ce ke wannan tayi. Na zaci ko dutse ne zai yi laushi. Inna ta juya fuska ga bango.

"Ciwo ya san hanya," in ji ta.

Mun kawo mata liman har ɗaki, ya ce wannan camfi ne, ba shi da tushe a addini, rai da ajali na Allah ne. Ta ce gaskiya ne, malam, Allah shi saka. Yana fita ta ja zanenta ta rufe baya.

Batula ba ta sake roƙo ba. Ta samu wani ɗaki a Tambuwal kusa da wani kemis, tana zuwa ran kasuwa da wasu ranaku. Matan da ba su san ta ba suke zuwa, masu ciwon kwankwaso da masu sanyin gwiwa da waɗanda haihuwa ta bar wa ciwon baya. Ba ta gaya wa kowa ta taɓa haihuwar tagwaye. A can ana biyan ta, ana ma yi mata godiya, ba abin da ya karye. Wasu matan Jabo sukan saci jiki su je, su rufe fuska da mayafi, in sun dawo gari su wuce ta a hanya kamar ba su san ta ba. Da yamma takan biyo ta gidan Inna da 'yar tsaraba, ta ajiye a bakin ƙofa, ta gaishe ta daga tsaye. Hassana kuwa ta girma lafiya lau, ta yi tsawo ta wuce uwarta. Inna in ta kalle ta sai ta gyaɗa kai, ita a dole dabararta ce ta yi aiki. Wannan gyaɗa kan ya fi komai ƙona mini rai.

Bara da zafi Inna ta kwanta, ba ma bayan ba ne, wani ciwon ƙirji ne na 'yan kwanaki. Ni na yi jinya, don ko a nan ba ta yarda Batula ta tayar da ita zaune ba. Ta cika da hantsi.

Da aka zo wanka, Gwaggo Na'iya ta naɗe hannun riga ta ce ita da wata tsohuwa za su yi, Batula ta jira a waje. Yayata ta dube ta, irin duban da na sani tun muna yara.

"Uwata ta. Matsa."

Gwaggo ta matsa. Ni ke zuba ruwa, Batula na wankewa. Ta yi komai yadda ake yi, dama kafin hagu, ba gaggawa. Da muka juya Inna a kan gefenta don a wanke baya, sai na ga hannun Batula ya rage sauri. Ya bi ƙashin bayan daga wuya yana sauka, gaɓa bayan gaɓa, ya zo ƙasan kwankwaso ta hagu ya tsaya. Ta danna da babban yatsa a hankali, ta saki, ta sake dannawa.

"Zulai, kawo hannunki."

Ta ɗora yatsana a wurin. Wani ɗan ƙulli na ji, bai fi ƙwallon dabino ba.

"Shi na," in ji ta. "Ɗan wurin ga na dut. Da ta bari, da ba ta yi salla zaune ba."

Gwaggo Na'iya ta leƙo ta ce a yi sauri, maza na jira a waje, rana na yi. Ruwan butar hannuna ya ƙare, ban tashi na ɗebo wani ba. Batula na durƙushe, ta ci gaba da murza wurin a hankali, yadda aka koya mata.